Shekarar da Muka Jira Ruwan Taurari

Kun taso kuna ganin tabon nan da ya raba mini girar hagu gida biyu, kuma babu wanda bai taɓa tambayata ba a cikinku. Wasu na ce musu daga keke na faɗo, wasu na ce reshe ne ya mare ni a daji. Duk ƙarya na yi muku. Uwarku ta san gaskiyar, ta tafi da ita kabari ba ta tona ni ba. Yanzu da ƙafa ta fara yi mini nauyi, gara ku ji daga bakina, don kada wata rana ku ji ta a bakin wani an gutsure mata rabi.

A shekarar da soja suka fara karɓar mulki ina koyarwa a makarantar firamare ta wani ƙauye da ke jingine da daji, tafiyar rabin yini a ƙasa daga Kuyello. Ba zan kama sunan garin ba, domin jikokin mutanen da zan ambata suna nan da ransu. Mu biyu ne malamai. Ni ɗan ƙasa ne, shekaruna ashirin da 'yan kai, ban daɗe da aure ba, kuma ina jin kaina fiye da yadda ya kamata. Hedimasta kuwa Malam Bitrus ne, mutumin kudancin Zazzau, Kirista, dogo mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma. Yana zaune a gidan malamai da ke manne da makaranta, shi da matarsa Saratu da 'ya'yansu biyu. Shekararsa huɗu a garin. Shi ke karanta wa mutane wasiƙa, shi ke rubuta musu amsa, idan yaro ya sari ƙafarsa a gona wajensa ake kai shi a wanke a ɗaure. Dukiyarsa a duniya rediyo ce mai batir, da wani tsohon littafin taurari da ya fito da shi daga kwaleji, bangonsa ya sha ɗinki da zare.

Shekarar ba ta zo da daɗi ba. Tun farkonta aka kashe manya, damina ba ta ƙare ba sai labarin kashe-kashe ya riƙa zuwa daga birane. Telan garinmu, mutumin kudu, ya kulle shagonsa wata safiya ya hau mota da iyalinsa, ko sallama bai tsaya yi ba. Direbobin da ke zuwa ɗaukar hatsi kowa da irin labarin da zai sauke. Wani ya ce za a yi yaƙi, wani ya ce akwai jiragen sama da za su zo su zuba wuta a kan ƙauyuka. Mutane suka koma magana ƙasa-ƙasa. Idan baƙo ya shigo kasuwa, sai ka ga ciniki ya tsaya har a san ko shi wane ne.

Cikin wannan hali, ana gab da yankan dawa, wata rana bayan an tashi yara muna zaune a gindin ɗorawar makaranta, Malam Bitrus ya buɗe littafin nan nasa. Ya tambaye ni ko na lura da yadda taurari suka riƙa faɗowa da asuba bara war haka. Na ce na lura, har liman ya yi magana a kai. Sai ya tsinci kara ya zana da'ira a ƙasa.

“Ka ga, Malam Haladu, akwai wani tauraro mai wutsiya da ke zagaya rana. Ka ɗauke shi kamar jaki ne da aka ɗora wa buhun dawa mai huda. Duk inda ya bi yana zubar da ƙwaya, sai dai tasa ƙwayar tsakuwa ce da ƙura. Duniyarmu kuma kowace kaka sai ta ƙetare wannan turbar. Abin da ta ci karo da shi ya kama wuta a sama, shi ne muke cewa tauraro ya faɗi.”

Na ce to me ya sa ba kullum suke da yawa ba?

“Inda jakin bai daɗe da wucewa ba, ƙwayar tana nan a tare. Inda ya daɗe, ta watse, ta yi faɗi, sai ka tsinci ɗai-ɗai. Shi kuwa jakin nan sai bayan shekara talatin da uku yake dawowa, kuma bai daɗe da wucewa ba. Masana sun ce asubahin Alhamis ta sama za mu iya faɗawa cikin kaurin zubin. In haka ta faru, za su zubo kamar ruwa.”

Ya rufe littafin, ya dube ni.

“Amma lissafi ne kawai. Akwai manyan duniyoyi da ke jan turbar gefe idan ta bi kusa da su, kamar yadda rafi ke sauya kwance. Sau biyu a baya an jira, ba a ga abin kirki ba. Kada ka kai maganar nan cikin gari. Ka ga yadda zukata suke.”

Na ce masa ba komai. Washegari kuwa na shiga aji, yara suna ta gyangyaɗi a kan darasin lissafi, sai na ji ina so in ga idanunsu sun buɗe a kaina. Na ajiye alli na ce musu ranar Alhamis ta sama da asuba taurari za su zubo daga sama kamar ruwan Agusta. Ban ce watakila ba. Ban ambaci rafi mai sauya kwance ba. Da wani ya tambaya yadda aka yi na sani, sai na ce mu masu ilmin boko mun san abin da ke cikin littafi.

Kafin kwana biyu maganar ta zaga gari ta sake kama. A rijiya ana cewa sama za ta rufto. A mahauta ana cewa in tauraro ɗaya ya faɗi babban mutum ne ya mutu, to in dubu suka faɗo wa zai saura? A dandali kuwa, inda ya fi muni, samari suka ce ba wasu taurari, jiragen nan ne, kuma mai rediyo ya san ranar zuwansu domin da shi aka shirya. Babu wanda ya ce Malam Haladu. Kowa cewa yake yi makaranta ta faɗa, makaranta kuwa a wurinsu Hedimasta ce.

Akwai wata tsohuwa a unguwar Gwarawa, Iya Tani, wadda ta fi kowa shekaru a garin. Ɗanta Danjuma manomi ne mai ƙarfin gaske, ba ya ƙetare maganarta. Ita ce ta ƙara wa wutar makamashi ba da nufi ba. Ta ce kakarta ta ga irin wannan ruwan taurari tana budurwa, kuma ba a yi nisa ba mahara suka zo daga yamma suka kwashe garinsu, waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka hau duwatsun cikin daji. Maganar Iya Tani ba a wasa da ita. Mata suka fara ɗaure kaya.

Dagaci ya kira taro a ƙofar gidansa bayan la'asar. Aka aika wa Malam Bitrus, ni ma na bi shi na zauna a gefe cikin jama'a. Liman ya fara magana, ya ce taurarin da ke faɗowa jifa ce ake yi wa shaiɗanu, kuma gaibu na Allah ne shi kaɗai, wanda ya sa wa abin sama rana ya shiga hurumin da ba nasa ba. Sannan dagaci ya juya ga Hedimasta.

“Malam, kai baƙonmu ne, ba mu taɓa ganin sharrinka ba. Wa ya gaya maka wannan rana?”

“Ranka ya daɗe, a littafi take, kuma ba masifa ba ce. Ko sun zo, ba za su taɓa ko jinkar ɗaki ba. Mai yiwuwa ma ba za su zo ba.”

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “In ka san ba za su zo ba, don me ka gaya wa 'ya'yanmu?”

Nan ne wurin da ya kamata in miƙe. Na ga Malam Bitrus bai ko waiwayo inda nake ba. Na duba fuskokin da ke kewaye da ni, mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci, cikinsu har da surukina, na ga yadda suke kallonsa. Sai na sunkuyar da kai ina wasa da tsakuwa. Dagaci ya yanke cewa a jira Alhamis. Kowa ya gane abin da hakan ke nufi. In taurari sun zubo, to ya san abin da bai kamata mutum ya sani ba. In ba su zubo ba, maƙaryaci ne da ya firgita gari a kan kaka.

Da na koma gida uwarku tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago ba.

“Malam, ƙanena Sule a ajinka yake. Ya gaya mini wanda ya yi maganar.”

Na ce ta yi shiru, ba ta san yadda al'amuran maza suke ba.

“Na sani mana. Kai kana da dangi a garin nan, in an taso maka akwai mai tare maka. Shi wa gare shi? Saratu ta zo ɗazu aron turmi, na kasa haɗa ido da ita.”

Ta ajiye mini tuwo ta shige ɗaki. Ban iya cinsa ba, amma ban je na faɗi gaskiya ba.

Ana saura kwana biyu Malam Bitrus ya ce in raka shi wurin Iya Tani, ko zai iya hana ta tafiya, domin in ta zauna sauran ma za su zauna. Muka same ta a ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa, Danjuma yana tsaye yana wasa gatari. Hedimasta ya durƙusa ya gaishe ta da Gwaranci kaɗan da ya iya, sannan ya koma Hausa.

“Iya, abin da kakarki ta gani gaskiya ne. Shi ne wannan. Amma ke tun da aka haife ki kin taɓa ganinsa?”

Ta ce ba ta taɓa ba.

“To sau biyu ya kamata ya dawo a rayuwarki, kina yarinya da kuma kina da 'ya'ya. Bai zo ba saboda turbar ta gusa. Abu ne mai tsufa kamar mutum, yana watsewa, yana sauya hanya. Ba ruwansa da mahara. Su maharan nan da ƙafarsu suka zo.”

Tsohuwa ta ajiye gyaɗar da ke hannunta ta dube shi.

“Ɗana, ban ce kana ƙarya ba. Amma a garin kakata, waɗanda suka tsaya jin bayani an ɗaure su da igiya ɗaya. In ba komai, kwana ɗaya a dutse ba ya kashe mutum.”

Ranar Laraba da hantsi suka fita, gidaje da dama, da awaki da tukwane da yara a goye, suka bar dawa ta nuna a gona ba mai korar birai. Danjuma ya ɗora uwarsa a kan jaki. Waɗanda suka rage suka kwana a farke. Maza suka taru a filin makaranta, ba don sha'awar kallo ba, wasu da kwari da baka, wasu da bindigar toka. Malam Bitrus ya fito da kujera ya zauna a ƙofar gidansa. Sanyi ya sauko sosai. Can wajen asalatu taurari suka fara gilmawa, ɗaya, a jima wani, a jima biyu tare. Guda ɗaya ya tsaga sama da haske kore har inuwarmu ta fito a ƙasa, aka ɗauki salati. Na riƙa roƙon Allah a zuciyata, amma wallahi ban san abin da nake roƙo ba, su zo ko kada su zo. Haka muka zauna har gabas ta yi fari. Abin da muka gani bai ma kai na bara ba.

Rana ta ɗan ɗaga sai muka hango masu dawowa daga daji. A gabansu mutum huɗu ɗauke da makara ta rassan itace. Lokacin da wannan koren tauraro ya haska, mutanen da ke kwance a gindin dutse suka ɗauka masifar ta fara, suka ruga saman dutsen cikin duhu. Iya Tani ta zame a kan falalen dutse, ta faɗo ta bugu a ƙeya. Ba ta kai wayewar gari ba.

Aka yi mata sutura, aka kai ta kafin azahar. Daga maƙabarta ba wanda ya koma gida. Ina cikinsu, na ga yadda sahun ya juya ya nufi makaranta ba tare da wani ya ce a juya ba. Fartanyun da aka haƙa kabari da su suna hannu. Na sulale ta bayan masallaci na yanke ta gonar makaranta a guje. Na tarar Saratu ta tura yara ƙarƙashin gado, Malam Bitrus yana tsaye a tsakar ɗaki ya sa rigarsa ta zuwa coci. Na ce su fita ta baya su bi hanyar masu itace. Ya ce in ya gudu ya amsa laifin ke nan. Ban tsaya gardama ba, domin hayaniya ta riga ta iso. Na fita na ja ƙofar, na tsaya a bakinta.

Danjuma ne a gaba, ƙasar kabari har gwiwarsa, idanunsa jawur.

“Malam, matsa. Ba da kai muke ba.”

Ban matsa ba. Na ce, “Da ni kuke. Ni na gaya wa yara. Shi ya hana ni faɗa, na faɗa. Ya ce mini mai yiwuwa ne, ni na mai da shi tabbas. Ku tambayi 'ya'yanku a wane aji suka ji.”

Na ga surukina ya buɗe baki ya kasa rufewa. Wani ya ce ƙarya nake yi don in kare kafiri, wani ya ce a'a, ɗansa ya faɗa masa haka tun farko shi ne bai kula ba. Danjuma ya matso har ina jin numfashinsa.

“Kana zaune a ƙofar dagaci ranar nan?”

Na ce ina zaune.

“Ka zo gidanmu ka tsaya a bayansa, kana kallon uwata, ba ka ce komai ba?”

Na ce haka ne.

Ban ga ɗagawar hannunsa ba. Ƙotar fartanya ce ta same ni, na ji kamar an fasa tulu a kaina, jini ya rufe mini ido. Abin da na iya tunawa shi ne muryar liman yana ratsa mutane yana cewa duk wanda ya ƙara taku ɗaya sai dai ya taka shi tukuna, yanzu aka binne gawa ɗaya, ba za a binne ta biyu a yau ba. Ganin jinin ɗan gari ya sanyaya musu jiki. Suka watse da ɗai-ɗai.

Malam Bitrus ne ya wanke mini ciwon ya ɗaure. Ina kwance a tabarmarsa na ce ya yafe mini, na ɓoye masa cewa ni ne.

“Ba ka ɓoye mini komai ba,” in ji shi. “Ka manta 'yata Rahila a ajinka take? Tun ranar ta gaya mini.”

Na ce to me ya hana shi faɗa a gaban dagaci?

“In na nuna ka, sai su ce baƙo ya ga wuya ya jefa ɗan gari. Ba za su yarda ba, kuma zan rasa ka. Na zauna ina jira ko za ka tashi da kanka.”

Washegari dagaci ya yi wa Malam Bitrus da iyalinsa rakiya har bakin babbar hanya suka hau mota. Makaranta ta mutu murus, domin ba uban da zai sake turo mini ɗansa. Birai sun yi wa gonakin waɗanda suka tafi daji ɓarna mai yawa, gidaje da dama suka shiga rani da rumbu rabi. Surukina ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata. Uwarku ce kaɗai ba ta sake tayar da maganar ba, ta ci gaba da gasa mini goshi da ruwan zafi har ya warke.

Bayan kamar wata biyu, ina shirin komawa inda aka sauya mini wurin aiki, wasiƙar Malam Bitrus ta iso. A ciki ya sa guntun jarida da ya yanka. Ashe taurarin sun zubo, a ranar Alhamis ɗin nan, a wata ƙasa can bayan teku, har mutane suka kasa ƙirga su. Ya rubuta cewa kaurin zubin siriri ne kamar igiya, duniya ta ƙetare shi cikin ɗan lokaci, kuma a sa'ar nan mu rana tana tsakar kanmu. Lissafin bai kuskure da komai ba sai 'yan sa'o'i.

Na karanta har sau uku. Wani irin daɗi ya kama ni wanda yanzu nake jin kunyarsa. Na sa takardar a aljihu na nufi gonar Danjuma. Na same shi shi kaɗai yana tara karan dawa. Da ya gan ni ya tsaya, ya dubi goshina, ya kau da kai. Na yi sallama ya amsa. Muka zauna a inuwar wata kaɗanya, ya miƙo mini gorar ruwansa na sha. Sannan na fito da jaridar na fassara masa kalma bayan kalma, na nuna masa hoton, na ce ya gani, Hedimasta bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ƙarya ba, abin ya faru.

Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya karɓi takardar ya juya ta, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya mayar mini.

“Na ji, Malam. Su mutanen can da abin ya zubo a kansu, mutum nawa ya kashe?”

Na ce ko ɗaya.

Ya gyaɗa kai. Ya tashi ya ɗauki igiyarsa ya koma kan karansa. Na zauna a wurin da takarda a hannu har inuwar ta gushe daga kaina, bai sake waiwayowa ba. Na koyar shekara talatin da ɗaya bayan wannan, kuma ban sake tsayawa gaban aji na faɗi abin da aka ce mini mai yiwuwa ne ba tare da na ce mai yiwuwa ne ba. Danjuma kuwa, da na ji rasuwarsa na hau mota na je. Ni na karɓi fartanya daga hannun ɗansa na fara haƙa.